Zauren Tambayoyi: Waƙa, Kuɗinta da Haƙƙin Mai Ita

Wasiƙun wannan fitowar yawancinsu a kan harkar waƙa suka zo. Mun zaɓi huɗu, masu aikin shari'ar haƙƙin mallaka da masu raba waƙoƙi a intanet suka haɗu suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani furodusa ya ba ni naira dubu 80 na yi masa waƙar fim. Ni na rubuta, ni na rera, shi ya biya kuɗin sutudiyo, kuma ba mu rubuta komai ba. Da fim ya fita na ɗora waƙar a tashata ta YouTube, sai aka toshe ta. Na kira shi ya ce ai ya saya. Haka abin yake? Daga wani mawaƙi a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dukiya biyu ce a cikin kowace waƙa da ake ji, kuma rashin rarrabe su ne ke haddasa mafi yawan rigimar mawaƙa da furodusoshi. Ta farko ita ce waƙar kanta: baitoci da amshi da karin da aka ɗora su a kai. Ta biyu ita ce naɗin da aka yi a sutudiyo, wato sautin da aka tace aka tura maka a waya. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kowacce ta ba ta mai ita. Waƙa ta wanda ya ƙirƙire ta ce. Naɗi kuwa na wanda ya shirya yin sa ne, kuma galibi wanda ya kama sutudiyo ya biya shi ake dubawa.

To, ko ya sayi waƙar? Dokar ta ce sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko bai wa mutum izinin da shi kaɗai zai mora, ba ya tabbata sai a rubuce. Izinin baki yana aiki, amma iyakarsa ya ba mutum damar amfani da waƙar a abin da aka yi magana a kai. Kamar gida ne: haya ka ba shi, kuma ɗan haya ba ya zama mai gida don ya biya kuɗin shekara. Saboda haka baitocinka da karinka suna hannunka har yanzu. Yana da damar sa waƙar a fim ɗinsa, tunda don shi ya biya.

Sai dai kada ka yi gaggawar tuhumarsa da zalunci a kan toshewar, domin abin da ka ɗora naɗin da ya biya ne, kuma a nan hujjarsa tana da ƙarfi. Ka fara duba irin saƙon da YouTube ta aiko maka. Idan Content ID, wato na'urar YouTube mai gano sautin da wani ya ce nasa ne, ita ce ta gano sautin, tashar ba ta cikin haɗari, kana iya ƙalubalantar iƙirarin, shi kuma yana da kwana 30 ya amsa. Idan kuwa ƙorafi ya shigar aka sauke bidiyon aka yi maka gargaɗi, ka yi taka-tsantsan, gargaɗi uku ke rufe tasha. Kada ka ƙalubalanta da abin da ba za ka iya kare shi ba.

Hanya biyu ce a gabanka. Kana iya komawa sutudiyo da kuɗinka ka sake naɗar waƙar da sabon kiɗa, wannan naɗin naka ne, ka ɗora inda ka so. Ko kuma ku zauna, wannan muka fi so, da wani dattijo na masana'antar da kuke girmamawa ku biyu, ku rubuta takarda ɗaya: naɗin yana tashar wa, kashi nawa kowa zai samu a kuɗin intanet, wa zai riƙa karɓa, a wane wata za a riƙa rabawa. Shi ma yana buƙatar wannan takardar, domin cin kuɗin waƙar a wajen fim yana bukatar yardarka. Idan sulhu ya gagara, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ƙara kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kotun majistare ba ta da hurumi. Tun yanzu ka adana littafin da ka rubuta baitocin, da saƙonnin murya na gwaji, da hirarku ta WhatsApp, da shaidar shigar kuɗin banki. Rajista ba sharaɗi ba ce, haƙƙi yana samuwa da zarar an rubuta ko an naɗa, amma hukumar tana karɓar rajista ta intanet kuma takardarta tana taimakawa wajen hujja.

Tambaya: Ni makaɗi ne a sutudiyo. Mawaƙi zai zo da baitoci kawai, ni zan haɗa kiɗan tun daga tushe, wani lokaci har karin amshin ni ke gyarawa. A ba ni kuɗin aiki, waƙa ta yi tashe, ko sunana ba a ambata. Ina da wani abu a ciki? Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Kana da shi, idan ƙirƙira ka yi. Kuɗin zama a sutudiyo na ɗaukar murya ne da tacewa, kiɗan da ka tsara kuwa aikin fasaha ne mai haƙƙi. Maganin abin takardar rabon kaso ce, a cika ta ranar da aka gama aiki kafin a tura wa kowa waƙar: sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa da abin da ya yi, kasonsa, sa hannu. Jimillar kason ta cika ɗari daidai. Doka ba ta yanka adadi ba. A kasuwar duniya an saba da rabi na baitoci da kari, rabi na kiɗa, amma ciniki ne, kuma idan mawaƙin ya fi so ya saye kiɗan ɗungurungum, ka ƙara farashi ku rubuta hakan. Ambaton suna kuwa haƙƙi ne da doka ta ware, sayar da aikin ba ya kawar da shi.

Wannan takardar ta shafi mata masu rera waƙa tare da maza da 'yan amshi. Su ne aka fi cuta a harkar nan: a sallame su da kuɗin mota, muryarsu ta shekara goma tana yawo ba a san sunansu ba. Kai ma ka kiyaye ɗaya: idan ka tsinko sautin wani daga intanet ka cusa a kiɗanka ba izini, ranar da mai shi ya yi iƙirari kuɗin waƙar duka zai iya tafiya gare shi.

Tambaya: Wani kamfani ya kawo mini yarjejeniyar shekara biyar da Turanci, shafi tara. Za su ba ni kafin alƙalami naira miliyan 2, kuma kashi 20 cikin ɗari na abin da waƙoƙina suka kawo. Sun ce in sa hannu kafin Juma'a. Me zan duba? Daga wata mawaƙiya a Gusau.

Amsa: Malama, fara da wa'adin. Wanda ya zo da niyyar zaman shekara biyar zai iya jiran mako biyu ki kai takardar ga lauyan da ke kika ɗauka kika biya. Lauyan kamfani aikin kamfani yake yi. Ki sa a karanta miki ita da Hausa, sakin layi bayan sakin layi.

Sannan kafin alƙalamin. A irin waɗannan yarjejeniyoyi kusan kullum bashi ne da ake cirewa daga kasonki. Ga lissafin: idan kasonki 20 ne, sai waƙoƙin sun kawo naira miliyan 10 kafin a gama cire miliyan 2, a duk tsawon lokacin nan kamfani ya kwashi miliyan 8 ke ba ki ga ko kwabo ba. Idan aka ɗora miki kuɗin bidiyo miliyan 1, lissafin ya koma miliyan 15. Saboda haka a rubuta ƙarara abin da za a iya ɗora miki, kuma duk kashe kuɗin da ya wuce wani adadi sai da sa hannunki. Ki tambaya kuma: kashi 20 na me? Na abin da ya shigo, ko na abin da ya rage bayan an cire ɗawainiya? Idan na ragowa ne, a lissafo ɗawainiyar ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba ragowar ba za ta taɓa samuwa ba.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne abin da zai faru bayan shekara biyar ɗin. Yarjejeniyoyi da dama aikinsu na ƙarewa amma mallakar naɗin ta zauna wa kamfani har abada. Ki nemi a mayar da shi izini na wa'adi, naɗin ya dawo hannunki bayan shekarun da kuka yarda. Ki duba ko sun haɗa da kuɗin wasan biki da liƙi da tallace-tallace. Idan ba su ke samo miki wasan ba, babu dalilin su ci a ciki. Sunan da kike waƙa da shi, da tashar YouTube da shafukanki, su zauna da sunanki da adireshin imel ɗinki, ki ba su damar gudanarwa kawai. A sa bayanin kuɗi a rubuce duk wata uku ko shida, da damar akantanki ya duba littattafansu, da ƙofar fita idan suka yi wata shida ko shekara ba su fitar miki da komai ba. Ki riƙe lambar ISRC ta kowace waƙa, mai harufa da lambobi 12, da ita ake bin sawun naɗi a manhajojin sauraron waƙa irin Spotify da Boomplay da Audiomack. Kuma kada a ruɗe ki da alƙaluma: tun 2024 Spotify ba ta biyan kuɗin naɗin da bai kai sauraro 1,000 a cikin wata 12 ba.

Tambaya: Mahaifinmu makaɗin gargajiya ne, ya rasu. Ana sa waƙoƙinsa a rediyo, wasu kuma sun ɗora tsofaffin kaset ɗinsa a intanet. Magada suna da haƙƙi? Daga Daura.

Amsa: Allah ya jiƙansa da rahama. Suna da shi, haƙƙin waƙa dukiya ce da ake gada. A Najeriya yana ɗorewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar rasuwa. Alhaji Mamman Shata, misali, ya rasu a 1999, nasa zai kai ƙarshen 2069. Na naɗi shekara 50 ne, kuma yana iya kasancewa na kamfani ko gidan rediyon da ya ɗauka. Ku fara wakilta mutum ɗaya a rubuce da yardar dukkan magada, domin masu biyan kuɗi ba sa mu'amala da gida mai baki biyar. Ku jera sunayen waƙoƙin da inda aka naɗe kowacce. Kuɗin rediyo da talabijin da otal ta ƙungiyar tattara kuɗin mawaƙa yake zuwa, irin MCSN a Najeriya ko BNDA a Nijar, ku tabbatar da lasisin ƙungiya a wurin hukuma kafin ku shiga. Masu ɗorawa a intanet kuwa, ku fara rubuta musu. Da yawansu ƙauna ce ta sa suka adana kaset ɗin, kuma wataƙila nasu ne kwafin da ya rage. Ku nemi kwafi mai kyau da rabon kuɗin talla, wanda ya ƙi sai ku cika fom ɗin sauke bidiyo na YouTube, takardar wakilcin tana hannunku idan aka nemi hujja.