Wace bindigar .22 mai sauƙin kuɗi ce za ta yi min harbi a bayan gida ba tare da damun maƙwabta ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka da takardar zama ta dindindin, kuma bara Allah ya hore min gida a wajen gari mai fili kamar eka biyar. Ina so in sayi ƙaramar bindiga irin .22 don in riƙa gwada saiti a bayan gida ni da babban ɗana mai shekara 14. Kuɗin da na ware bai wuce dala 500 ba. Damuwata ita ce ƙara, domin akwai maƙwabta ta gabas, kuma ba na son abin da zai haɗa ni da su. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a gidan, ya raya yaron.

Shirun da kake nema mafi yawansa a harsashi yake. Aikin bindigar shi ne ta kasance irin wadda za ta ci harsashin mai sanyi ba tare da gardama ba, kuma cikin ikon Allah irin waɗannan su ne masu araha. Amma kafin mu kai ga kanti, sai mun tsaya a kan filin naka, domin shi ne zai yanke hukuncin ko akwai batun sayen bindigar ma.

Eka biyar fili ne babba ga mai shuka tumatir, ga harsashi kuwa ba komai ba ne. Idan ka ɗauki kwalin harsashin .22 Long Rifle ka juya, a kan da yawa daga cikinsu za ka ga gargaɗin cewa yana da haɗari har nisan mil ɗaya da rabi, wato kusan kilomita biyu da rabi. Filin eka biyar mai kusurwa huɗu daidai kuwa kowane gefensa bai kai mita 150 ba. Dokar Texas ta san da wannan. Ta ba wa hukumar kowace gunduma ikon hana harbi a filayen da ba su wuce eka 10 ba idan suna cikin rukunin gidajen da aka yanka, kuma naka yana ƙasa da hakan. Kariyar da doka ta ba wa mai harbi da raifil daga dokokin birni, a yankunan da birni ya haɗe ko yake da iko a gefensu, sai fili ya kai eka 50, kuma mai harbin ya yi nisan fiye da ƙafa 300 daga gidan wani. Sannan ko ina kake a jihar, harsashinka ya tsallake iyakar filinka ya shiga na wani laifi ne, ko bai taɓa kowa ba. Don haka ka fara da kiran ofishin sherif, wato shugaban 'yan sanda na gundumarku, ka ba su adireshinka ka tambaya, ka kuma duba takardun da ka sa wa hannu lokacin sayen gidan, domin wasu rukunin gidaje suna da ƙa'idar da ta hana harbi kwata-kwata. Ta ɓangaren saye ba ka da matsala: mai takardar zama ta dindindin yana iya saye a wurin dila mai lasisi, ya cika fom 4473, a bincika sunansa. Masu bizar karatu ko ta ziyara su ne dokar tarayya ta hana, in ban da 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta.

Idan sun ce babu laifi, abu na gaba shi ne inda harsashi zai tsaya. Ka sa a zubo maka ƙasa mai laushi ko yashi, wadda ba duwatsu a ciki, a yi tudu. Ni ba na yarda da wanda bai kai tsayin mutum ba, kuma ina son kaurinsa a daidai inda harsashi zai shiga ya wuce tsawon hannu. Ka kafa takardar saiti ƙasa-ƙasa a jikin tudun, ta yadda bakin bindiga zai ɗan sunkuya, kuma ka juya wa gabas ɗin nan baya. Katangar katako ba ta tsayar da .22, kututturen itace yana ruɓewa ya huje, dutse da saman ruwa kuwa suna sa harsashin ya yi tsalle ya canza hanya. Harsashi mai tafiya a hankali ya fi saurin yin wannan tsallen ma, domin ba ya farfashewa idan ya bugi abu mai tauri. Kada tudun ya kasance kusa da rijiya ko lambun kayan miya, saboda dalma ce za ta taru a ciki shekara da shekaru.

To yanzu ƙara. Idan aka harba .22 ta yau da kullum, ƙara biyu kunne yake ji a haɗe. Akwai ta iskar albarushi da ke fitowa daga bakin bindiga, akwai kuma tsawar da harsashin kansa yake yi idan gudunsa ya wuce na sauti, irin wadda bulala ke yi idan an kaɗa ta. Sauti yana tafiyar kusan ƙafa 1,125 a daƙiƙa ɗaya idan yanayi na tsaka-tsaki ne. Harsashin da aka fi sayarwa, kamar Mini-Mag na kamfanin CCI mai nauyin giren 40 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana fita da gudun ƙafa 1,235, don haka dole ya yi tsawar, kuma ita ce take kai wa gidan maƙwabci. CCI Standard Velocity yana tafiyar ƙafa 1,070, ƙasa da gudun sauti, shi ya sa tsawar take ɓacewa, saura ta bakin bindiga kawai. Sai dai da sanyi ya sauko, ranar da ruwa ke daskarewa, gudun sauti yana sauka zuwa kusan ƙafa 1,087, sai ka ji jefi-jefi wani harsashin ya yi tsawa. Wanda aka yi musamman don buƙatarka shi ne CCI Quiet-22: nauyinsa giren 40 ne shi ma, wato kusan giram 2.6, amma gudunsa ƙafa 710. Idan aka harba shi a doguwar bindiga, sau da yawa faɗawar harsashin a jikin abin da aka saita ta fi ƙarar harbin kanta. Saboda haka ma nake ba da shawarar takarda a jikin ƙasa maimakon farantin ƙarfe, wanda amonsa zai tona maka asiri duk da shirun bindigar.

Kamfanin CCI yana tallar Quiet-22 da cewa ƙararsa desibel 68 ce (desibel ma'aunin ƙara ne) a kunnen mai harbi. Wannan adadin kamfani ne, kuma ban ɗauke shi dalilin barin abin toshe kunne ba, musamman ga yaro. Rana ɗaya za a sami harsashi mai gudu ya shiga cikin kwalin, kuma .22 ta yau da kullum tana kai wa wajen desibel 140, inda ƙara ɗaya tak za ta iya lalata kunne. Tabarau na kare ido shi ma dole ne.

Harsashi mai sanyi haka ba shi da ƙarfin da zai tura ƙarfen bindiga mai ɗura kanta baya. A nan mutane da yawa suke yin kuskure, domin duk wanda ka tambaya a Amurka zai ce maka Ruger 10/22, wadda take kasuwa tun 1964, kuma gaskiya bindiga ce mai kyau. Amma ka zuba mata Quiet-22, za ta harba ɗaya ta tsaya da kwanso a ciki, sai ka ja da hannu. CCI ta fitar da wani nau'in mai giren 45 da gudun ƙafa 835 don irin waɗannan bindigogin, yana aiki a da yawa daga cikinsu, amma ya ɗan fi ƙara, kuma ga kacaukacau ɗin ƙarfen da ke kai da komowa kusa da kunnenka. Ga mai koya wa yaro akwai wani dalilin ma: bindigar da ke shirya harsashi na gaba da kanta ba ta ba wa ɗan koyo lokacin tunani.

Abin da nake ba ka shawara shi ne mai sakata, wadda kai ne za ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanson ya faɗo, ka tura sabo. Bayanta a rufe yake gam lokacin harbi, iska ba ta fita ta wajen fuskarka, kuma ba ruwanta da ƙarfin harsashi ko rashinsa. Ka nemi mai dogon hanci, inci 20 zuwa sama. Albarushin .22 kaɗan ne, yana gama ƙonewa tun kafin harsashi ya yi nisa a cikin hancin, don haka ragowar tsawon yana ba wa iskar damar hucewa kafin ta fito, kuma yana nesanta bakin daga kunne.

A cikin kuɗinka, ta farko a wurina ita ce Savage Mark II, mai hancin kusan inci 21. Takan kama tsakanin dala 200 da 300 gwargwadon nau'i da kanti. Ƙotarta ta roba ce, ba ta da kyan gani, araha ba ta ado, amma tana kai harsashi inda aka saita, kuma kunamarta da suke kira AccuTrigger tana da laushi, ga wani ɗan harshe a tsakiyarta da ke tare harbi idan ba yatsa ne ya danna daidai ba. Rauninta gidan harsashinta ne na siririn ƙarfe, wanda wani lokaci yakan yi gardama. Ta biyu Ruger American Rimfire, wadda ta fito a 2013. Ta fi Savage tsada da kamar dala ɗari, tana da hancin inci 22, tana amfani da gidan harsashin 10/22 mai cin goma da ake samu a kowane kanti, kuma ana iya cire bayan ƙotarta a sa gajere. Wannan abu ne mai amfani ga gidan da uba da ɗan shekara 14 za su yi tarayya a bindiga ɗaya, domin ƙotar da ta fi ƙarfin hannun yaro tana koya masa mummunar tsayuwa. Idan yaron bai kai ka tsawo ba, ƙarin kuɗin ya cancanta, kuma ita zan ce ka ɗauka.

Akwai Henry H001 mai liba, wato mariƙin da ake jan sa ƙasa a mayar don ɗura sabon harsashi, wadda ake zuba wa harsashi a bututun da ke ƙarƙashin hancinta. Tana cin .22 Short da Long da Long Rifle duka, don haka tana karɓar ƙananan harsasai irin CCI CB Short mai giren 29, waɗanda gidan harsashin sauran ba ya ɗauka da kyau. Tana da daɗin harbi ƙwarai. Abin da ya sa ban sa ta a gaba ba shi ne wajen ɗura ta hannu yana zuwa kusa da bakin bindiga, kuma tabbatar da cewa babu saura a bututun ya fi wuya ga ɗan koyo. CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi dukkansu kyan aiki, amma ita kaɗai za ta cinye dala 500 ɗinka ko fiye, ba ka sayi ko kwali ɗaya na harsashi ba. Kada kuma mai kanti ya ja ka zuwa .17 HMR ko .22 Magnum da cewa su ma rimfaya ne, wato dangin .22 da ake tayar wa wuta daga gefen gindin kwanso. Haka ne, amma .17 HMR tana fitar da harsashi da gudun ƙafa 2,550, maƙwabcinka zai ji ta daga cikin ɗakinsa.

Za ka ji ana yabon Aguila Colibri, mai giren 20 da gudun ƙafa 420, wanda babu albarushi a cikinsa sai sinadarin tayar da wuta da ke gefen gindin kwanson. Shiru kam ya yi shi, amma a dogon hanci yana iya maƙalewa a ciki, kuma na biyun da ka harba a kansa zai iya kumbura hancin. Ka bar shi. Kuma ko da wane harsashi ne, duk lokacin da ƙarar ta yi ƙasa da yadda ka saba, ko ba ka ga sabon huji a takarda ba, ka cire gidan harsashi, ka zare sakatar gaba ɗaya, ka leƙa ta baya ka ga haske ya ratsa kafin ka ci gaba.

Batun salansa, wato bututun da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage ƙara: halas ne a Texas da mafi yawan jihohi, amma yana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, sai an yi rajista da hukumar ATF mai kula da makamai da hoton yatsu. Harajin dala 200 da aka daɗe ana biya an mayar da shi sifiri daga farkon 2026, rajistar kuwa tana nan. Shi kansa salansan zai ci ɗaruruwan daloli, don haka ba na bana ba ne a lissafinka. Idan kana da niyyarsa nan gaba, ka sayi nau'in bindigar da aka yi wa zare a baki, kamar Savage Mark II FV-SR, sai dai ka sani hancinta inci 16 da rabi ne, kuma kafin salansan ya zo za ta fi mai dogon hanci ƙara.

Ragowar kuɗin ka raba shi haka. Madubin saiti mai ninki huɗu da aka yi don .22 ya ishe ka, ba sai mai tsada ba, tunda harbinka ba zai wuce yadi 25 zuwa 50 ba. Ka daidaita shi a yadi 25, ka kuma sa ran Quiet-22 zai sauka ƙasa da wajen inci uku idan ka matsa zuwa 50. Sannan akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi a wani wuri daban. A Texas barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta laifi ne idan ya ɗauka, kuma Quiet-22 duk da sanyinsa yana kashe mutum. Ku wanke hannu da sabulu bayan kowane harbi kafin ku ci abinci, saboda dalmar. Jakar da ka taɓa zuba harsashi a ciki kuwa kada ta bi ka filin jirgi ranar da za ka je ganin gida, domin a Najeriya irin wannan raifil da harsashinta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, kuma ƙwaya ɗaya da ta maƙale a aljihun jaka ta isa ta jawo maka tsarewa.

Kafin ranar farko, ka taka zuwa wurin maƙwabtan nan na gabas ka gaya musu abin da za ka yi, ka nuna musu tudun da inda bakin bindigar zai fuskanta, ka tambaye su lokacin da ba sa son a dame su. Idan sherif ya ce filinka bai halatta ba, ka sayi bindigar duk da haka in kana so, ku riƙa zuwa filin koyon harbi na kusa da ku, a gida kuma ka tambaye shi ko bindigar iska ta halatta, domin ƙa'idarta takan fi sauƙi.