Yaya ake gane asalin tsohon takobi?

Tambaya: Na gaji takobi daga kakana a Katsina. A jikin ruwansa akwai dogayen kwarmi uku, da jinjirin wata biyu masu fuskar mutum, da wata dabba mai kama da kare tana gudu. An ce mini ƙirar Jamus ne. Haka ne?

Amsa: Malam, abu na farko shi ne ka raba hukuncin ruwan takobin da na ƙotarsa da kubensa, domin sau da yawa ba wuri ɗaya aka yi su ba. A ƙarni na 19 fatake sun riƙa shigo da ruwan takubba na Solingen ta Jamus, ta hanyar Tarabulus da hamada, sannan maƙera da dukawan Kano da Agadas su sa musu ƙota da kube. Heinrich Barth, matafiyi Bajamushe wanda ya zo Kano a 1851, ya ambaci wannan ciniki.

Dabbar da ka gani kyarkeci ce, tambarin maƙeran garin Passau na Jamus, wanda maƙeran Solingen suka ɗauka daga baya. Sai dai tambari kaɗai ba ya isa hujja, domin maƙeranmu sun kwaikwayi kyarkecin da watannin biyu, ganin cewa masu saye suna ɗaukar su alamar ƙarfe nagari. A nan ne nake so ka ƙura ido sosai. Tambarin Turai yakan shiga ƙarfe da zurfi, layukansa a tsare, kwarmin kuma yakan miƙe da faɗi ɗaya. Na gida yakan fito sama-sama, fuskar watan a dagule saboda hatimin ya gaji da bugu, kwarmin kuma yana ɗan karkata. Wannan ba aibi ba ne, aikin maƙeranmu yana da tasa daraja.

Ƙota ita ce ke nuna yanki. Idan abin tare hannu mai faɗi ne, an lulluɓe shi da fata ko tagulla, bakin takobin kuma a zagaye yake ba tsini, to irin na Azbinawa da ƙasar Hausa ne. Idan kuwa siririn ƙarfe ne a gicciye, kuben kuma ya buɗe wajen ƙarshe, ka dubi Sudan da Cadi.

Ina roƙonka kada ka kankare tsatsar da abu mai kaushi, domin tambarin zai iya tafiya tare da ita. Ka shafa masa ɗan mai da tsumma, ka ɗauki hoton alamomin kusa-kusa, ka kai wa ma'aikatan gidan tarihi irin Gidan Makama da ke Kano su duba.