Me ya hana mu bin sawun ƙwayar zuwa inda ta fito?

Ka ce tunda na'ura tana nuna ta wane ɓangaren sama ƙwayar cosmic ray, wato ƙwaya mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya, ta faɗo, me zai hana mu nuna tauraron da ya harbo ta. To ɗana, zauna ka ji.

Ƙwayoyin nan, furoton ne ko cibiyar atam mai nauyi irin ta baƙin ƙarfe, duk suna ɗauke da cajin lantarki. Maganaɗisun da ke cikin rukunin taurarinmu, wato Milky Way, yakan yi ta lanƙwasa musu hanya shekara miliyoyi. Ƙofar da baƙo ya shigo ba ta gaya maka garinsu.

Shi ya sa muke zuba ido a kan zanen da ke nuna yawansu gwargwadon ƙarfinsu. Ƙarfi na hawa, yawansu na zubewa, amma layin yana da lanƙwasa. Wajen 3×10¹⁵ eV (eV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne) akwai wadda muke kira gwiwa. Zuwa nan, galibin masana na ɗora alhakin a kan ragowar taurarin da suka fashe a rukuninmu. Wajen 5×10¹⁸ eV sai idon sawu, inda ake ganin ƙwayoyin da ke zuwa daga wajen rukuninmu sun karɓe fage. A 2017 cibiyar binciken ƙwayoyin nan ta Pierre Auger da ke Ajantina ta ƙarfafa wannan, don ta ga masu ƙarfin da ya haura 8×10¹⁸ eV sun ɗan fi yawa daga wani ɓangare da ke nesa da tsakiyar rukuninmu.

Can ƙololuwa kuwa, sama da 10²⁰ eV, murabba'in kilomita guda sai ya shekara ɗari bai ga ɗaya ba. Dalilin ke nan da Auger ta baza tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000. Ita kanta ƙwayar ba ma kama ta. Sama take karo da iska ta tarwatse, tarkacen ya ratsa ruwan tanki ya ba da ɗan walƙiya. Daga bambancin lokacin da tankuna suka haska muke fitar da alkibla, don haka kada ka yi wasa da agogon tanki, kuskure kaɗan ya isa ya kautar da lissafin.

Ko masu tsananin ƙarfin ma suna ba mu kunya. Wadda aka gano a Utah ta Amurka a 2021, mai 2.4×10²⁰ eV, da aka bi alkiblarta sai ta nuna wani yanki da kusan babu komai a cikinsa. Ni dai na fi zargin cibiyar atam ce mai nauyi da maganaɗisu ya karkatar.