Yadda fitocin Suame ke fitar da iska daga kulochi

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa mu nan Kumasi ba mu cika yin "taka, riƙe" ba idan kulochi ya yi laushi, sai a ga mun ɗauko sirinji muna tura mai daga ƙasa. A Suame Magazine, unguwar masu gyaran mota ta Kumasi, bakanike fita ake ce masa, kuma yawancin aikinmu na motocin haya ne da ake kira tirotiro: Sprinter, Urvan, Hiace. Su ne suka koya mana wannan hanya, su da damina.

Ku a Kano ƙurar hunturu ce ke cin roba. Mu damina biyu muke yi a shekara, man birki kuwa, wanda shi ne kulochi ma ke aiki da shi, yana shan danshin iska. Man birki samfurin DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, amma idan ya sha ruwa a 140 ma ya tafasa. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa 155. Ruwan nan yana sa tsatsa a cikin silinda, tsatsar ta yanke roba. Shi ya sa idan muka buɗe murfi muka ga man ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, ba ma ƙara sabo a kai, duka muke zubarwa. Rabin lita ya isa, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Kada a kuskura a zuba man inji ko na sitiyari, robobin kumbura za su yi, kuma DOT 5 ba ya haɗuwa da sauran.

Kafin a taɓa sifana, a nemo ƙofar da iskar ta shiga, domin ba ta shiga haka kawai. A leƙa bayan feda: in akwai jiƙa a sandar da ke shiga masta na sama, wato silindar da feda ke turawa, shi ne ya mutu. A ja robar da ke rufe na ƙasa, wato silindar da ke wajen giyabos, in mai ya zubo, shi ne. In ba yoyo ko'ina, a tada mota, a sa giya, a taka a riƙe. Motar da ta fara jan jiki alhali ƙafa na ƙasa, mastanta yana mayar da mai ta ciki, kuma fitar da iska ba zai warkar da shi ba. A Sprinter tankin birki da na kulochi ɗaya ne, kuma bakin na kulochi ya fi tsayi, saboda haka mai na raguwa kulochi ke fara shan iska, birki na nan lafiya.

Taka-riƙe muna yinsa a Hiace da Urvan, inda silindar ƙasa ke waje. Yaro ya taka a hankali ya riƙe, maigida ya kwance bakin fitar da iska kwatan zagaye, galibi da sifana 8, ya ɗaure, sannan a ɗago feda, ko da hannu ne. Kada a ɗago baki na buɗe. Bugawa da sauri kumfa yake yi wa mai, aikin minti goma ya koma na yini.

Amma iska sama take so, kuma a motar da bututunta ke da lanƙwasa, tura ta ƙasa faɗa da halinta ne. Sai a zuƙe man tanki ya ragu, a cika sirinji mai cin mili 50 ko 60, a haɗa farin tiyo da ake ganin ciki, a matsa har mai ya cika tiyon kafin a sa shi a bakin fitar da iska, a kwance, a tura sannu a hankali feda na sama. Ƙwayoyin iska za su riƙa fitowa a tanki. Sirinji uku ko huɗu yakan wadatar. A shimfiɗa tsumma, man birki yana cin fenti. In sirinji ya ƙi turuwa, sandar feda ce aka tsananta ta toshe ramin komawar mai. A sassauta ta, a bar mata ɗan wasa.

In man birki na ɗiga daga gindin giyabos, a motar da silindar ƙasa ke cikin giyabos, ita ce ta mutu, sai an sauke giya. Idan aka sauke, a duba faifan kulochi a lokacin, domin wanda ya sha man birki ba ya wankuwa, canza shi ake yi.