Siniyoyi sun sa ɗana a gaba a makarantar kwana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare a makarantar kwana. Ranar ziyara na tarar ya rame, garin rogo da sukari da ƙuli-ƙulin da na haɗa masa sun ƙare cikin mako biyu. Sai da na matsa masa sannan ya ce siniyoyi ne ke ƙwace masa kaya, su sa shi wanki da ɗebo ruwa, idan ya yi gardama su sa shi tsallen kwaɗo bayan an kashe fitila. Mahaifinsa ya ce kowa da haka ya taso. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika bayyana cin zali ne, domin babba ne ke maimaita cutarwa a kan ƙaramin da ba shi da ƙarfin ramawa. Maganar maigida ta zama ruwan dare a bakin waɗanda suka yi makarantar kwana, amma ita ce ke raya wannan ɗabi'a, tunda yaron da aka gasa wa aya a hannu yau jira yake ya kai aji shida ya fanshe a kan na ƙasa da shi. Hukumar UNESCO, mai kula da harkar ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana a rahotonta na 2019 cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya na fuskantar cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai.

Da farko ki nuna wa yaron kin yarda da maganarsa, kada ki kira shi rago, kada kuma a ce masa ya rama, domin ɗan shekara 12 ba zai ja da ƙato ɗan shekara 17 ba. Ki tambaye shi a natse sunayen masu yi, da wurin da lokacin, ki rubuta, ki kuma duba jikinsa ko akwai tabo.

Sannan ku je ke da mahaifinsa wurin malamin da ke kula da ɗakin kwanansu, ku roƙi a sauya masa ɗaki, a kuma ɓoye cewa shi ya kai ƙara. Wannan sharaɗin ya fi komai muhimmanci, domin idan malami ya kira siniyoyin a gaban asambili ya zane su ya tafi gida, da dare yaron ne zai biya bashin bulalar. Idan mako biyu suka wuce ba a ga canji ba, ku kai wa shugaban makaranta koke a rubuce, ku riƙe kwafi, ku kuma tayar da batun a taron ƙungiyar iyaye da malamai, inda da wuya a rasa wasu iyayen masu irin kukanku. Duka mai barin rauni kuwa ya wuce hurumin makaranta, sai ofishin ilimi na shiyya da asibiti.

Idan ya fara fitsarin kwance ko firgita cikin barci, ku mayar da shi makarantar jeka-ka-dawo ko da zango bai ƙare ba.