Ta ina zan fara bincike kan rikicin cif tsakanin Amurka da Sin?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a nan Kaduna, kana son rubuta kundin kammalawa kan wannan takaddama amma ka rasa bakin zaren. Shawarata, fara da gane hanyar da cif (ɗan ƙaramin allon lantarki mai sarrafa bayanai) ke bi kafin ya shiga kwamfuta, siyasar za ta biyo baya.

Ba ƙasa ɗaya ke yin sa ba. Kamfanin Nvidia na Amurka yana zana cif ɗin da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da shi, amma TSMC na Taiwan ne ke ƙera shi. Shi kuma TSMC ya dogara da injinan ASML na Holan, wanda shi kaɗai ke yin mafi ci gabansu a duniya. Nan ne maƙogwaron abin yake. Shi ya sa a Oktoban 2022 Amurka ta taƙaita sayar wa Sin manyan cif da injinan ƙera su, ita kuma Sin ta taƙaita fitar da ma'adinan galiyom da jamaniyom, da ake amfani da su wajen ƙera kayan lantarki, a 2023.

Kuskuren da nake yawan gani wajen ɗalibanmu: haɗa litiyom da cif. Litiyom na batir ne, cif kuwa da silikon ake yi. Sannan kada ka kwashe batun duka. Ɗauki abu ɗaya, kamar tasirinsa kan farashin kwamfuta a Najeriya.

Dokokin nan suna sauyawa sosai, don haka duba ranar kowace takarda. Ɓangaren fasahar kuwa, ka kai wa malamin injiniyan lantarki ya duba maka, Zariya ba nisa.