Kwamfuta za ta iya duba fayil da kanta kafin in buɗe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Birnin Kebbi. Ɗalibai kan turo min aikinsu ta WhatsApp da imel, wasu su kawo a filash, ni ma ina sauke manhajoji daga intanet. Kwanan baya bairos ya ɓoye min fayiloli. Akwai yadda kwamfuta za ta riƙa duba duk abin da na sauke da kanta, ba sai na tuna ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma da wuya a ce ba ta cikin kwamfutarka tun ranar da ka saye ta. Windows 10 da 11 suna zuwa da manhajar kashe bairos mai suna Microsoft Defender kyauta, shi kuwa yana duba kowane fayil lokacin da ya sauka da lokacin da za a buɗe shi. Abin da zan fara tambayarka shi ne, yana aiki kuwa?

Ina tambaya ne saboda abin da na sha gani. Mai gyara zai sa wa mutum Office ko CorelDRAW na sata, irin wanda ba ya shiga sai an kawar da Defender daga hanya. Idan aka kashe shi haka kawai, bayan ɗan lokaci yakan kunna kansa. Shi ya sa wasu ke sa babban fayil ɗin Downloads, wani lokaci ma C:, wato babbar ma'ajiyar kwamfutar, gaba ɗaya, cikin jerin wuraren da aka hana shi dubawa. Sai ka ga alamar kore, hankalinka kwance, alhali ƙofar da kaya ke shigowa ba mai tsaronta.

Buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sannan Manage settings. Ka tabbata Real-time protection da Cloud-delivered protection suna kunne. Ka gangara ƙasa zuwa Exclusions, wato jerin wuraren da aka hana shi dubawa, duk abin da ba kai ka sa ba ka cire shi. Daga nan ka sabunta shi, don Microsoft kan aiko da bayanan sabbin bairos sau da yawa a rana. Na san data na da tsada, amma Defender da ya yi wata uku bai ga intanet ba, bairos ɗin wannan makon zai iya wuce shi.

In kana so ka gwada, akwai fayil ɗin gwaji na EICAR, wata ƙungiyar masu binciken bairos, rubutu ne na haruffa 68 da ba ya cutar da komai, amma masu kashe bairos sun amince su ɗauke shi tamkar bairos. Sauke shi daga shafin EICAR. Idan an tare shi nan take, to lafiya lau.

Sai dai akwai inda binciken ba ya kaiwa. Fayil ɗin ZIP da aka kulle da kalmar sirri ba a iya leƙa cikinsa sai an buɗe, kuma masu yaɗa bairos sun san haka. Duk shafin da ya ba ka manhaja a kulle, ya ce ka kashe mai kashe bairos kafin ka sa ta, ka rabu da shi. Filash kuma, kafin ka buɗe komai, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi a duba shi da Defender. Idan ka ga fayilolin ciki sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka taɓa su, irin bairos ɗin da ya ɓoye maka kaya ke nan.

Manhajar da kake shakka a kanta kana iya ɗora ta a shafin intanet na VirusTotal, wanda Google ta saya a 2012, inda masu kashe bairos kusan 70 za su duba ta. Amma don Allah kada ka ɗora takardun kwastomomi, kamar katin NIN ko sakamakon jarrabawa, domin abin da aka ɗora can masu bincike na iya samunsa, kuma amana ce aka ba ka.

Idan kuma Windows 7 ce a shagon, Microsoft ta daina toshe ɓarakarta tun Janairun 2020, gara ka sauya ta kafin lokacin buga aikin kammala karatu ya zo.